Abin da Ya Hana Hamisu Buɗe Baki

Har yau ban manta da wata Alhamis ta damina ba, a ɗakin maza na asibitin da na yi yawancin shekarun aikina a nan ƙasar Daura. Tunda kun ce in bar muku labari ɗaya kafin in miƙa makullai, wannan zan ba ku, kuma zan bi shi daki-daki yadda ya faru.

A lokacin ni ne shugaban ɗakin, wanda ma'aikata ke kira incaji. Ga wanda bai san tsarin asibiti ba, ga yadda yake. Likita yana zagayawa ya duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya wuce. Incaji shi ke zama da ɗakin: ya raba wa nas-nas aiki, ya tabbatar an ba da magani a kan lokaci, an wanke ciwo, an share ƙasa. Sai kuma mai jinya, wato ɗan'uwan da ke kwana da mara lafiya. Shi ke ba shi abinci, ya juya shi, ya kai shi bayan gida, ko ya kawo masa tasa in ba ya iya tashi. Shekarun farko ne bayan an ƙaddamar da shari'a, kuma hukumar asibitinmu ta tsaurara doka cewa mace ba ta kwana jinya a ɗakin maza. Nas mata dai suna aikin rana, saboda ba mu da isassun ma'aikata.

Akwai talabijin a ɗakin, wani bawan Allah ne ya ba da ita sadaka da kwanonta na setilayit a kan rufi. Dokata a kanta gajera ce: labarai da wa'azi. Rimot ɗin ma a aljihun teburina yake. To amma muna da wata mai shara, Lami, dattijuwa mai baki, wadda ta gano cewa ana iya canza tasha da yatsa ba sai da rimot ba. Da na fita kai rahoto ofis bayan la'asar, sai ta juya zuwa wani shiri na yawon duniya. Na sani, kuma na yi magana ba sau ɗaya ba.

Ana cikin haka aka kawo mana Hamisu. Saurayi ne magidanci, mai ɗaukar kaya a babur tsakanin Mashi da kasuwannin bakin iyaka. Santsin laka ya kwashe shi, babur da kaya suka danne shi. Hannun dama ya karye, ƙafa ɗaya ta karye, hannun hagu kuma salansa ta ƙone shi tun daga tafi har gwiwa. Wanda ya kawo shi wani dattijo ne dogo mai farin gemu, Malam Bara'u. Ina cike katin karɓa na ce masa, "Kai ne babansa?"

Ya ce, "Yaro nawa ne."

Shi ma Hamisu Baba yake kiransa. Dattijon kuwa bai taɓa kama sunansa ba, kullum sai dai "yaron nan". Duk muka ɗauka ɗan fari ne, kun san dattawanmu ba sa kiran sunan ɗan fari.

Ban taɓa ganin mai jinya kamar Malam Bara'u ba. Tabarmarsa a gindin gadon take, a nan yake salla, a nan yake kwana. Ko magani za a karɓo, sai ya roƙi wani mai jinya ya je masa. Har misali nake yi da shi ga sauran, masu ajiye mara lafiya su tafi kasuwa sai yamma. Da yake hannuwan Hamisu biyu a naɗe suke, dattijon ne ke riƙe cokali.

Matsalar ita ce Hamisu ba ya ci. Da safe a kawo koko, ya juya fuska bango ya ce, "Na ƙoshi, Baba." Da rana a dama fura, haka. Dattijo ya sa aka yi farfesun kaza, ya tsaya da cokali yana lallashi har romon ya huce, yaro bai buɗe baki ba. Ƙwayar magani kaɗai yake haɗiya da kurɓin ruwa, shi ma sai ya kau da kai.

Muka bi ƙa'ida. Da farko muka duba baki da haƙora da muƙamuƙi, ko faɗuwar ta taɓa su. Lafiya lau. Sannan likita ya matsa cikin ko'ina, bai ce wash ba. Sannan aka canza maganin da muke zargin yana kashe sha'awar abinci. Sannan aka ɗaura masa ruwa. Ni da kaina na tsaya a kansa na ce, "Hamisu, me ke hana ka ci?" Dattijon yana tsaye a kafaɗata yana jiran amsa.

Ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Idanunsa suka faɗa, ƙunar hannun ta ƙi haɗewa. Ranar Alhamis ɗin da safe likita ya gama zagaye ya ja ni gefe, amma ba nesa ba sosai.

"Incaji, ruwan leda ba abinci ba ne. Ina tsoron ko akwai abin da ya fashe a ciki wanda hannuna bai ji ba. In bai ci komai ba zuwa safiyar Asabar, a sa masa robar hanci a wuce da shi Katsina. Can za su ga ko sai an buɗe cikin."

Ku da kuke wannan aiki kun san abin da wannan ke nufi: a ɗora mai karaya biyu a mota cikin damina, sannan wataƙila a tsaga cikin mutumin da jikinsa ya riga ya yi rauni. Malam Bara'u ya ji. Ya zauna a tabarma ya dafe kai. Hamisu ya rufe ido.

Da la'asar na tafi ofis kamar kullum, sai na tarar shugaban ma'aikatan jinya ya fita, na dawo da wuri. Ina shigowa na ga abin da na zata. Talabijin tana kan shirin yawon nan, Lami ta jingina da sandar gogenta, Sista Hadiza, nas ɗin da ke aikin yamma, tana naɗe bandeji a tebur tana kallo. Na yi niyyar magana nan take. Amma takardar tura Hamisu Katsina tana hannuna ban cike ba, don haka na ce bari in zauna in gama abu ɗaya, sannan in shiga na biyu.

Shirin na wani Bature ne dogo mai jan wuya, da ke yawo ƙasa-ƙasa, duk inda ya sauka sai ya ci. Lami ta raɗa masa suna Ci-ka-wuce. Ba ma jin yaren da ake yi, amma rubutun Turanci na bi ta ƙasa, Hadiza na karantawa. Lami kuwa ba ta bukatar rubutu, fassararta take yi da kanta.

"Lami, ki ba ni shawara," in ji Hadiza, hannunta na aiki. "Asabar Hajiya za ta zo daga Sandamu, ita da ƙanwarta. Me zan dafa?"

"Uwar mijin taki mai haƙora biyu? Tuwon shinkafa da miyar taushe. Ki bar kabewa ta narke, ki daka gyaɗa da kyau. Kar ki ɗauko wani iyayi."

"Wancan zuwan ma shi na yi. Ta ce a Sandamu ma ana noma kabewa."

"To ki yi funkaso."

"Yaushe zan kai alkama niƙa, yaushe zai tashi? Gobe ina aikin safe." Ta nuna talabijin da haɓa. "Ni wannan nake so in gwada. Dubi."

Na ɗaga kai ban shirya ba. Wata mata ce a wata ƙasa ta Larabawa ta jera nama da kayan lambu a gindin tukunya, ta zuba shinkafa a sama. Da ya dahu sai ta ɗora babban tire a bakin tukunyar, ta kife ta gaba ɗaya, ta ɗage. Shinkafa ta tsaya kamar an gina ta.

Lami ta tafa hannu. "Ki kife tukunya a gaban uwar miji? Hadiza, kina son aurenki kuwa? Kafin magariba labari ya kai Sandamu cewa kin nuna mata abinci ya ƙare, ta kama hanya."

Wani mara lafiya da aka rataye wa ƙafa a gadon ƙarshe ya ce, "Sista, in kin kife, a kawo mana ƙanzon."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Na buɗe baki zan ce ya isa, sai hoton ya canza. Aka nuno mutanen gidan sun zagaye tiren a ƙasa, maza da mata, kowa ya naɗe hannun riga.

Hadiza ta karanta rubutun ta ce, "Saurayin nan da ke yi wa Baturen jagora, gidan iyayen matarsa ya kawo shi. Wancan mai gashin baki shi ne uban matar. Wadda ta kife tukunyar uwarta ce."

"Tsaya, tsaya," in ji Lami. Ta saki sandar goge ta matso. "Surukinsa ke nan? Yake zura hannu a tire ɗaya da shi? Dubi loma, jama'a! Kun ji abin da yake cewa? Cewa yake, Baba, turo mini cinyar can ta gabanka."

"Ni kam ranar Asabar sai sun tafi zan ci," in ji Hadiza. "Wancan zuwan a bayan ƙofar madafa na ci a tsaye. Ina jin takun Hajiya na tura kwanon ƙarƙashin turmi."

A nan ne na ji wata dariya da ban taɓa ji ba. Malam Bara'u ne, daga kan tabarmarsa. Tun da ya shigo asibitin ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Ya ce, "Kai, kowace ƙasa da irin nata, 'yata. Mu a wajenmu ina! Ga yaron nan, tun da na ba shi 'yata ko goro ban taɓa ganin ya tauna a gabana ba. Da salla in ya zo gaisuwa, sai an kai masa kwano zaure, ni kuma in..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Ya dubi kwanon furar da ke gefensa, ya dubi cokalin, ya dubi gadon.

Baturen kaɗai ke ta surutu da shinkafa a baki. Na ajiye biro. Hamisu ya juya fuska bango, kuma daga inda nake ina ganin hawaye na gangarowa zuwa kunnensa, ba shi da hannun gogewa.

Abu na farko da ya zo mini a rai shi ne kada a kunyata kowa a cikinsu a gaban jama'a. Na miƙe na ce, "Malam Bara'u, zo mu duba wata takarda a waje." Na yi wa Lami wani kallo, ta gane, ta ɗauki sandarta ta shiga goge inda ta riga ta goge.

A baranda na ce masa, "Baba, ashe ba kai ka haife shi ba."

Ya ce, "Maraya ne. Daga tsallaken iyaka ya zo yana yaro, a gonata ya girma, na ga hankalinsa na ba shi 'yata. Yanzu haka jego take, kuma kun ce mace ba ta kwana. Wa zai zo in ba ni ba?" Sannan ya ce, "Da ka tambaye ni ran nan, me kake so in ce? In ce ba ɗana ba ne, yana kwance cikin jini yana ji?"

Na ce, "Ba ka yi ƙarya ba."

"Wallahi na ɗauka ciwo ya ɗauke wannan. Ko a raina ban kawo ba. Ashe ni ne nake tsaye a kansa da cokali ina hana shi."

Ya sa bakin rigarsa yana goge ido. Na ce masa, "Baba, kuka ba ya cikin aikin yau. Ga abin da za a yi. Ka tafi masallaci yanzu, kar ka dawo sai ka yi magariba. Daga yau duk lokacin abinci kana da uzuri a waje. Sauran ka bar mana."

Ya gyaɗa kai. Ko takalmansa bai koma ɗauka ba, sai da Lami ta bi shi da su.

Na koma ciki na ja labule na zagaye gadon Hamisu, na zauna a bakinsa. Na ce, "Baba ya tafi masallaci, sai bayan magariba. Daga ni sai kai."

 Da ya yi magana, da ƙyar nake jinsa.

"Ranka ya daɗe, ba cin ne kaɗai ba. In na ci, abin da zai biyo baya fa? Wa zai ɗauki tasar?"

Sai a lokacin na ga ƙarshen zaren. Tun ranar farko mun sa masa robar fitsari saboda ƙafar, don haka wannan bai taso ba. Ɗayan kuwa, yaron ya zauna ya yi lissafinsa shi kaɗai, ya ga gara yunwa da a ce uban matarsa ya ɗauki tasarsa ya ratsa ɗaki da ita. Ya ji maganar Katsina, ya ji maganar buɗe ciki, duk da haka bai iya faɗa ba, domin duk lokacin da aka tambaye shi, mutumin yana tsaye a wurin.

Na ce, "Wannan aikinmu ne. Da rana ni, da dare ma'aikacin dare, kuma a bayan labule. Baba ba zai gani ba, ba zai ji ba. Ka yarda?"

Ya ce, "Na yarda."

Lami tana da kunun tsamiya a filas, wanda ta kawo wa kanta. Ta miƙo ta gefen labule ba tare da ta leƙo ba. Na ɗago kansa na kafa masa kofi. Ya sha kamar zai haɗiye kofin. Da ya kai rabi na janye.

"A ƙara mini, ranka ya daɗe."

"A'a. Cikin da ya daɗe a rufe ba a cika shi lokaci ɗaya. Kaɗan, a jira, sannan kaɗan."

Ya bi kofin da ido kamar ni ne na hana shi tun farko. Muka jira, kunu ya zauna, bai dawo ba. Na ba shi sauran. Kafin a kira magariba ya yi barci, irin barcin da bai yi ba tun zuwansa.

Maganar da na yi niyyar yi a kan talabijin kuwa, ban yi ta ba. Washegari na sanar da sabon tsari: bayan la'asar a kalli shirin yawon, da sharaɗin hannu na aiki kuma murya ba ta wuce ƙofa ba. Lami ta ce, "Incaji, ashe kai ma kana son Ci-ka-wuce." Na ce mata ta kula da bakinta.

Ranar Juma'a Lami ta zo da kunun gyaɗa daga gida, Hadiza ta kawo romo, ba wanda ya sa su. Ranar Asabar da safe likita ya zo da shirin sa hannu a takardar Katsina, sai ya tarar da Hamisu a jingine, ina ba shi koko.

Ya ce, "Incaji, wane magani kuka canza?"

Na ce, "Ba magani, likita. Mai jinya muka fitar waje."

Na ja shi gefe, wannan karon nesa sosai, na yi masa bayani. Ya dafe goshi yana murmushi ya ce, "Ni kaina ranar da na fara zuwa gaisuwa gidan surukaina, da yunwa na dawo gida." Ya sake matsa cikin, ya duba ƙunar, ya ce a cire ruwan a ci gaba da abinci. Aka fasa Katsina.

Daga ranar Malam Bara'u ya samu sabon aiki. Da ya ji ƙarar kwanuka a baranda sai ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Bari in ga wani mutum a waje." Duk ɗakin sun san babu wani mutum, kuma ba wanda ya taɓa yin dariya. In zai dawo sai ya yi gyaran murya tun daga nesa. Tsakaninsa da Hamisu kuwa, har suka bar asibitin ban ji ɗayansu ya ɗaga maganar ba. Ƙunar ta haɗe, hannun hagu ya fara riƙe cokali da kansa, kumatu suka dawo.

Ranar sallama aka kawo motar da za ta kai su Mashi. Muka shimfiɗa Hamisu a kujerar baya da ƙafarsa a miƙe. Lami ta fito da gudu da kwanon dambu da zogale, ta ce guzurin hanya ne, ta ajiye masa a cinya. Akwai wuri a baya kusa da shi, kuma direba ya buɗe wa dattijon nan. Malam Bara'u ya dubi kwanon, ya dubi wurin, ya rufe ƙofar da kansa.

Ya ce wa direba, "Ni gaba zan zauna. Kuma kwanan tabarma ya riƙe mini wuya, ba na iya waiwaye."

Abin da nake so ku riƙe guda biyu ne. Na ɗaya, kalmar Baba a ƙasar nan tana ɗaukar mutane da yawa. In kuna karɓar mara lafiya kada ku ce, "Kai ne babansa?" domin mai mutunci ba zai ce a'a ba. Ku ce, "Mene ne tsakaninku?" Na biyu, kowane mara lafiya ku samu lokaci ku tambaye shi damuwarsa shi kaɗai, a bayan labule, ko da mai jinyarsa ya fi kowa kirki. Mutanenmu suna iya jure yunwa da ciwo, har da wuƙar likita, a kan su faɗi abin da zai sa babba ya sunkuyar da kai.

Na gode wa Allah da ya sa na tarar da ofis a rufe ranar nan, ya kuma sa takarda ta riƙe mini baki har dattijon ya yi dariya. Na gode wa Sista Hadiza, wadda yanzu take riƙe da ɗakin mata. Lami kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya ji labarin nan a cikinku, ina roƙon ya sa ta a addu'a, domin hirar tuwo da miyarta ce ta hana a tsaga cikin da ba abin da ya same shi.